Martani: Gogayya Ba Ta Gaba da Tafiya, da Zamiya Take Faɗa

Na karanta makalar da wani malamin kimiyya ya rubuta, inda ya yi wa ɗaliban babbar sakandare bayanin gogayya, wato ƙarfin nan da ke tasowa a inda jikin abubuwa biyu ya haɗu. Allah ya saka wa Malam da alheri. Ba kowa ke zama ya rubuta darasin fiziks da Hausa ba, kuma rabe-raben da ya yi daidai ne: akwai gogayyar riƙo, wadda ke aiki matuƙar jikin biyu bai fara zamewa a kan juna ba, akwai kuma gogayyar zamiya, wadda ke karɓar aiki da zarar an fara zamewa. Haka kuma ya yi gaskiya da ya ce iyakar ta farkon kan ɗara ta biyun, shi ya sa tayar da kaya ya fi ci gaba da jansa wuya.

Inda muka rabu shi ne batun alƙibla. Malam ya nuna cewa gogayya, ko ta riƙo ko ta zamiya, kullum tana fuskantar akasin inda abu ya dosa: idan abu ya yi gabas, ita yamma za ta ja shi. Ya shawarci ɗalibai da su fara gano inda abu ya nufa, sannan su zana kibiyar gogayya tana kallon baya, shi ke nan an gama. Daga nan ya yanke hukuncin cewa gogayya abokiyar gabar motsi ce, aikin injiniya kuma bai wuce rage ta ba. Wannan ƙa'ida kuskure ce, kuma kuskuren ba na gefe ba ne, a tsakiyar darasin yake. Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba, don haka ina roƙon Malam ya yi haƙuri ya bi ni.

Misalan da Malam ya kafa hujja da su duk gaskiya ne: buhun da ake ja a daɓe, akwatin da aka tura a kan siminti, yaron da ya zame a santsi. A kowanne daga cikinsu gogayya baya take ja. Sai dai akwai abu ɗaya da ya haɗa su wanda Malam bai lura da shi ba: a dukkansu ƙasan a tsaye take, kuma abin gaba ɗayansa yake zamewa a kanta. A irin wannan hali, tafiyar abu da zamiyarsa sun zama abu guda, don haka duk wanda ka ce gogayya na adawa da shi a cikin biyun ka dace. Da zarar an sa ƙasan ita ma tana tafiya, ko aka kawo abin da ke juyawa kamar taya, ko abin da ke takawa kamar ƙafa, sai biyun su rabu, ƙa'idar Malam kuma ta rushe.

Mu ɗauki abin da kowa ke gani ranar Juma'a idan an tashi cin kasuwar Wudil. An ɗora buhun masara mai kilo 100 a bayan a-kori-kura a nan Lajawa. Babu igiya, kuma buhun a tsakiya yake, bai jingina da komai ba. Direba ya sa giya ya saki kuloci a hankali, mota ta ja, buhu ya bi ta. Ɗazu yana tsaye, yanzu yana gudun da mota ke yi. Dokar Isaac Newton ta biyu, wadda ke cikin littafinsa na 1687, ta ce gudun abu ba ya ƙaruwa sai an sami wani ƙarfi daga waje da ya tura shi ta wannan fuskar. To, me ya tura buhun gaba? Nauyinsa ƙasa yake jansa. Daɓen mota sama yake tokare shi. Iska ma, idan ta yi wani abu, baya za ta mayar da shi. Injin bai taɓa shi ba. Abu ɗaya ya rage, shi ne gogayyar da ke tsakanin buhun da ƙarfen daɓe, kuma gaba take kallo, inda motar ta dosa.

Lissafin ba shi da wuya. Idan gudun motar na ƙaruwa da mita 2 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, buhun na buƙatar turi na niyuton 200, gogayyar riƙo kuma ita ke ba shi wannan adadi cif, ba daɗi ba ragi. Nauyin buhun kusan niyuton 980 ne. Mu ƙaddara ma'aunin riƙon da ke tsakaninsa da ƙarfen 0.5 ne, ka ga iyakar abin da gogayyar za ta iya bayarwa rabin nauyin ne, niyuton 490 ke nan. Muddin direba bai nemi fiye da haka ba, buhu na nan daram.

Yanzu a ce direban mai gaggawa ne, ya take totur ya fizgi mota. Yaron mota da ke tsaye a baya zai ga buhu ya sulale ya nufi ƙofar baya, har ya buga jikin mota yana cewa, “Oga, a hankali, kaya na zamewa!” Amma dattijon da ke zaune a gindin bishiya a bakin hanya wani abu daban zai gani. A idonsa buhun gaba yake tafiya, illa dai motar ta fi shi sauri. A wannan lokaci gogayyar zamiya ce ke aiki, kuma har yanzu gaba take jan buhun, tana ƙara masa gudu. Wannan ya rufe ƙofar da wani zai so ya bi ya ce, to ai ta riƙo ce kawai ke iya kallon gaba, ta zamiya kuwa kullum baya take. Ita ma ta zamiyar tana iya bin alƙiblar tafiya.

Idan direba ya taka birki a bakin kasuwa, sai komai ya juya. Buhu na son ci gaba da gudunsa, gudun daɓe na raguwa a ƙarƙashinsa, gogayya ta koma kallon baya. A tsakiyar tafiya kuwa, lokacin da mota ke gudu ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, kusan babu gogayyar da buhun ke buƙata, in ban da 'yar wadda za ta tare masa iska. Buhu ɗaya, mota ɗaya, hanya ɗaya, alƙiblar tafiya ba ta sauya ba tun daga Lajawa har Wudil, amma gogayya ta kalli gaba, ta kwanta, ta kalli baya. Ƙa'idar da ta ce a dubi inda abu ya dosa ba ta da yadda za ta bayyana wannan.

Ƙa'idar gaskiya ita ce: gogayya ba ruwanta da inda abu ya nufa a duniya. Fuskoki biyun da suka haɗu kawai take dubawa. Idan suna zamewa a kan juna, sai ta yi adawa da wannan zamiya. Idan ba su fara ba amma wani abu na neman zamar da su, sai ta tsaya ta hana, gwargwadon iyakar ƙarfinta. Kuma a kan duka biyun take aiki lokaci guda, da ƙarfi ɗaya, ta fuskoki mabambanta. Aikinta irin na karkiya ne a wuyan shanun huɗa: mai gaggawa ta riƙe shi, mai nawa ta ja shi gaba, don dai su jera. A misalinmu, daɓe na jan buhu gaba da niyuton 200, buhu na jan daɓe baya da niyuton 200. Malam ya ga ɓarin da ake riƙewa, ya bar wanda ake ja.

Da wannan ƙa'ida a hannu, sauran abubuwa kan warware da kansu. Mutumin da ke tafiya, idan zai ɗaga taku, baya yake tura ƙasa da tafin ƙafarsa, ƙasa kuma ta tura shi gaba. Shaidar tana nan a kowace damina a hanyoyin gonakinmu. Wanda ya yunƙura zai yi sauri a laka, ƙafar da ya dogara da ita baya take zamewa, ya faɗi rub da ciki. Wanda kuwa dugadugansa suka sauka a santsi, gaba ƙafar take tafiya, ya faɗi ta baya. A cikin taku guda gogayya na kallon fuska biyu: baya idan dugadugi ya sauka, gaba idan yatsu za su tashi. Dubi bijimin da ke jan amalanke cike da taki a hawa, ka ga inda kofatonsa ke watsa ƙasa. Baya yake watsa ta, domin ita ce ke tura shi gaba.

Babur ya fi kowane misali daɗin koyarwa, domin tayoyinsa biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. Sarƙa na murɗa tayar baya, ƙasan tayar na neman sulalewa baya a kan hanya, sai hanya ta riƙe ta ta tura ta gaba. Tayar gaba kuwa babu mai murɗa ta sai hanyar kanta, don haka lokacin da ɗan acaɓa ke ƙara wuta, 'yar gogayyar da ke kanta baya take kallo. Ga babur ɗaya yana tafiya waje ɗaya, amma kibiyoyin tayoyinsa sun ba juna baya.

Na san abin da Malam zai ce a nan, domin ɗalibai ma shi suke faɗa: ai injin ne ke tura babur. Mu gwada. A kai babur wurin bakanike a ɗaga tayar baya daga ƙasa, a tayar da shi, a sa giya, a murɗa totur har ƙarshe. Taya za ta yi ta juyawa, injin ya yi ta kuka, mai ya ƙone, babur ko taku ɗaya ba zai yi ba. Injin wani sashe ne na babur, kuma abu ba ya tura kansa da kansa. Makamashin daga fetur yake, wannan ba a musu. Amma turin da ke sauya gudun babur daga hanya yake zuwa, ta wurin ɗan facin robar da ya taɓa ƙasa, wanda bai kai faɗin tafin hannu ba. Direbobin tifa masu ɗiban yashi a bakin kogin Wudil sun fi mu sanin wannan. Idan tifa ta kafe, tayoyi na juyawa suna feshin yashi baya, ba ƙarfin injin ne ya gaza ba. Riƙo ne babu. Shi ya sa ake cusa itace da duwatsu da ganyaye a ƙarƙashin taya, a nemo mata abin da za ta kama.

Akwai kuma halin da gogayya ba ta kallon gaba, ba ta kallon baya. Mota mai shan kwana na buƙatar ƙarfin da zai karkatar da ita zuwa cikin kwanar, kuma a shimfiɗaɗɗiyar hanya babu mai ba ta shi sai riƙon taya. A nan kibiyar gefe take kallo, ta gitta alƙiblar tafiya. Motar da ke gudun kilomita 36 a awa a kwanar da nisan tsakiyarta mita 20 ne tana buƙatar riƙon da ya kai kusan rabin nauyinta. Idan ta ninka gudun, buƙatar ta ninka sau huɗu, kuma babu tayar da za ta iya biyan wannan. Haka nan idan abu ba ya motsi sam. A ɗora buhu a kan katako a ɗaga gefe ɗaya: ba tafiya, balle a ce akasinta, amma gogayya na nan tana kallon gefen da aka ɗaga tana riƙe da shi. Da ma'aunin 0.5, sai katakon ya karkata da kusan digiri 27 kafin buhun ya sulale. Ina ɗalibin Malam zai zana kibiyarsa a nan, alhali ba shi da tafiyar da zai juya wa baya?

Ban ga laifin Malam shi kaɗai ba, domin gajeriyar jimlar nan ta daɗe tana yawo a allunan azuzuwa, kuma tana da asali. Waɗanda suka fara auna gogayya, a kan teburi mai tsayuwa suka auna ta. Leonardo da Vinci ya yi zane-zanen jan katako a littattafansa tun a 1493. Guillaume Amontons ya gabatar da dokokinsa a Faransa a 1699, cewa gogayya na ƙaruwa da nauyin da ke danna abu, kuma ba ta damu da faɗin inda aka haɗu ba. Leonhard Euler ya bambance ta riƙo da ta zamiya a rubutunsa na 1750. Charles-Augustin de Coulomb ya yi gwaje-gwajensa da katako da ƙarfe a ma'aikatar jiragen ruwa ta Rochefort, ya ci kyautar Cibiyar Kimiyya ta Paris a 1781. Tambayar da suka fi mayar da hankali a kai ita ce nawa ne girman gogayyar, kuma tun da teburin ba ya tafiya, batun alƙibla bai zame musu matsala ba. Daga gwajin teburin ne aka gajarce maganar, aka yar da sharaɗinta a hanya.

Masu ƙera jirgin ƙasa kuwa tun farko suka gane cewa gogayya ce za ta ja su. Damuwarsu ita ce kada ta yi kaɗan. A 1812, a Middleton kusa da Leeds a Ingila, John Blenkinsop ya sa wa layin dogonsa haƙora, aka yi wa kan jirgin ƙafa mai haƙora da za ta riƙa kama su, saboda tsoron cewa ƙafar ƙarfe mai sulɓi za ta yi ta juyawa a banza a kan dogo mai sulɓi. Ba a jima ba William Hedley ya nuna a Wylam cewa idan kan jirgi ya yi nauyi yadda ya kamata, riƙon ƙarfe da ƙarfe ya isa ya ja taragu. A kan wannan riƙo jirgin da ya iso Kano a 1911 ya zo, a kansa kuma aka yi ta kwasar gyaɗa zuwa Legas. Har yau kan jirgi na ɗauke da akwatin yashi, wanda ake zubawa a gaban ƙafafu idan dogo ya yi santsi. Injiniyan da aka koya wa cewa aikinsa rage gogayya ne kawai, ban san yadda zai fahimci wannan akwati ba.

A nan zan ba Malam haƙƙinsa. Gogayyar zamiya na cin makamashi, ta mayar da shi zafi, ta cinye ƙarfe da roba. Wani nazari da Kenneth Holmberg da Ali Erdemir suka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 20 cikin 100 na makamashin da duniya ke amfani da shi a wurin shawo kan gogayya yake tafiya. Don haka baƙin mai da giris da boris duk suna da dalili. Amma mai injin niƙa a Lajawa ya san inda ake zuba giris da inda ba a kusantar da shi. Yana shafa shi a boris, amma idan ya taɓa bel, niƙa ta tsaya. Da safe idan ya tayar da injin, bel ya yi ƙara yana zamewa a kan fuli, sai ya ɗaure shi ya ƙara masa tauri, domin riƙon bel ɗin ne ke juya fulin ta fuskar da yake juyawa. Cin makamashi daban, alƙiblar ƙarfi daban. Malam ya haɗa su a kwano ɗaya.

Wani zai ce ai sauƙaƙawa ce aka yi wa yara, idan sun girma za su gyara. Ban yarda ba, saboda dalilai biyu. Na farko, ɗalibin da ya haddace cewa kibiya baya take kullum zai ci tambayar akwati a kan teburi, amma ranar da WAEC ko NECO ko JAMB suka kawo masa kaya a bayan mota ko taya mai juyawa, da ƙarfin gwiwarsa zai zaɓi amsar da ba daidai ba. Idan Allah ya kai shi Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, wadda aka kafa a 2001, ya shiga sashen injiniya, sai an fara rushe masa abin da ya zo da shi kafin a ɗora wani. Ƙa'idar daidai kuwa ba ta fi ta kuskuren tsawo ba.

Na biyu ya fi na farko nauyi, domin ya shafi rai. Yaranmu da yawa ba za su zama injiniyoyi ba, amma za su hau babur, za su tuƙa mota a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Wanda ya ɗauka gogayya birki ce kawai zai ga cewa sudaddiyar taya ba ta da illa sai wurin tsayawa. Wanda ya fahimci gaskiyar lamarin ya san riƙo ɗaya ne ake rabawa tsakanin tashi da tsayawa da shan kwana, kuma abin da birki ya ci, kwana ba za ta samu ba. Shi ya sa mai danna birki da ƙarfi a tsakiyar kwana yake tsintar kansa a rami. Idan taya ta kulle ta fara jan ƙasa, an bar riƙo an koma zamiya, ita kuma zamiya akasin inda ake sulalewa kawai ta sani, ko'ina ka juya sitiyari. Don hana wannan aka ƙirƙiro birkin ABS, wanda kamfanonin Bosch da Mercedes-Benz suka fito da shi kasuwa a 1978, yana saki yana kamawa don taya ta ci gaba da juyawa. Ga kuma lissafin nisa: mota mai gudun kilomita 60 a awa, idan ma'aunin riƙo 0.7 ne, tana buƙatar kusan mita 20 ta tsaya bayan birki ya kama. Idan ruwan sama ko yashin da ya zube a kwalta ya rage ma'aunin zuwa rabi, nisan ya zama mita 40.

Abin da nake roƙon Malam da sauran 'yan'uwana malamai shi ne mu sauya tambayar da muke ba ɗalibi. Maimakon a tambaye shi ina abin ya dosa, a ce ya nuna fuskoki biyun da suka haɗu, ya faɗi wanne daga cikin abubuwan biyu yake zana wa kibiya, sannan ya ƙaddara an malala mai a tsakaninsu: ta ina wannan zai zame a kan wancan? Akasin wannan amsa, nan gogayya take kallo. Gwajin ma ba ya buƙatar ɗakin gwaji. A ɗora littafi a kan takarda a teburin aji, a ja takardar a hankali, littafi ya biyo ta. A fizge ta, ya ɗan matso gaba kafin ta kuɓuce masa. A bar ɗalibai su yi gardamar abin da ya motsa littafin har su cimma matsaya da kansu.

Idan Malam na nan a kan bakansa, fili a buɗe yake, kuma zan karanta amsarsa da zuciya ɗaya. Abu guda nake so ya fara da shi: ya ambaci sunan ƙarfin da ya ɗauki buhun masarar nan daga tsayuwa ya kai shi gudun mota, ba igiya, ba jingina, idan har ba gogayya ba ce. Allah ya ƙara mana sani, ya kiyaye hanya.